Kan yumɓu, liyari da riga mai aska takwas: in saya ko in bari?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Ina sayar da kayan fata da huluna aikin hannu ta Facebook da WhatsApp, to masu saye sun fara tambayata ko ina da tsofaffin kaya. Wani dillali ya kawo min kaya kashi huɗu: rigar saƙi mai aska takwas, takobi da kubensa, kuɗin azurfa guda shida masu hoton wata mata an rubuta 1780, sai kan mutum na yumɓu, ya ce manoma ne suka tono shi a wajen Zamfara. Ya ce in haɗa duka in ba shi dubu ɗari takwas, wai kan kaɗai in ya isa Turai sai ya sayi gida. Kusan jarina ke nan gaba ɗaya. Ga hotunan nan na tura. In shiga ko in ja da baya?

Baban Rumfa (Kurmi): Wa alaikumus salam. Ɗana, raba kayan nan tukuna, kada ka yarda a sayar maka da su a dunƙule. Dillali ba ya haɗa kaya huɗu kuɗi ɗaya sai in akwai wanda yake so ya ɓoye a bayan 'yan uwansa. Mu fara da mai sauƙi. Kuɗin nan liyari ne, matar da ke jiki Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta shekarar nan ake sa masa, har wanda ake bugawa yanzu. Saboda haka lambar nan ba ta gaya maka shekarunsa. Mu a kan sikeli muke sayensa. Na ƙwarai giram 28 ne da 'yar ɗoriya, azurfar cikinsa kashi 83 cikin ɗari. Ka kai wa maƙeran fari su auna maka ɗaya bayan ɗaya, ka kara masa mayen ƙarfe, in ya kama jabu ne, in bai kama ba ma sai ka sake shi a kan siminti ka ji ƙararsa. Azurfa tana da zaƙin amo mai ja, dalma kuwa tif take yi. Ka biya kuɗin azurfa da ɗan abin da ya hau kai, shi ke nan.

Sabon Shiga: Ikon Allah. Shi kuwa dillalin lambar nan ce ya yi ta nuna min. Na gode Baba. Takobin fa?

Baban Rumfa (Kurmi): Hoto ba ya nuna takobi. Amma na ga tambarin jinjirin wata biyu a jikin ruwan. Tsofaffin da suka zo ta hamada, har da na Jamus, suna da irinsa, sai dai maƙeranmu sun daɗe da iya buga shi, wasu ma a kan sifirin mota. Zare shi ka ɗan lanƙwasa, ka ga ko zai koma daidai da kansa. Ka duba bakin kube inda hannu ke yawan taɓawa. Fatar da ta tsufa a hannun mutane a nan take yin santsi da baƙi, sauran jikin ya fi haske. In ka ga baƙin ya game ko'ina daidai wa daida, to hayaƙin madafa ya sha.

Mai Allura (Zariya): Rigar ni zan yi magana a kanta, tunda aikinmu ne. Zanen daidai ne, ga asake takwas, ga tambari, ga dagi. Amma ɗan uwa juya ta ka ɗauko mana hoton ciki, inda aka harhaɗa zugu da zugu. In ɗinkin keke ka gani, mai tafiya sak ba gargada, to ba ta kai shekarun da ake faɗa ba, ko kuwa an sake haɗa ta. Sai zaren aikin. Na da tsamiya ce, sirikin daji, launinta ƙasa-ƙasa ne kuma ba ta da ƙyalli sosai. Yanzu akwai masu tsoma zaren auduga a ruwan shayi ko na goro ya ba da launin. Ciro ɗan zare ɗaya daga ciki ka sa masa ashana: tsamiya warin ƙonannen gashi take yi ta zama toka mai murmushewa, auduga warin takarda, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Ka duba shafin ƙasa kuma, in alharini ne ja mai duhu, wannan alama ce mai kyau. Ko sabuwa ce ma, in aikin hannu ne tsantsa, riga ce mai kuɗi, mutum yana iya shafe watanni a kan aljihu ɗaya. Abin da ba na so shi ne a ce ta sarki wane ce. Kowace riga a bakin dillali ta sarki ce.

Tsohon Ma'aikaci (Jos): Salamu alaikum. Na ga kowa yana kewaye kan yumɓun, bari ni in taɓa shi. A gidan tarihi na yi aiki har na ajiye, zan faɗi abin da doka ta ce, kowa ya yi lissafinsa. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, doka mai lamba 77 ta 1979, ta bayyana abin da ake kira kayan tarihi. Na farko, duk abin mutanen da da aka tono daga ƙasa, ba ruwan doka da gonar wa aka same shi. Na biyu, aikin hannu na ƙasar nan da aka yi kafin 1918: sassaƙa, ƙofa, ganga, makami, kayan sarauta, har rubutun hannu. Akwai kuma wanda mutane ba su cika sani ba: ko bayan 1918 aka yi abu, in yana da muhimmanci na tarihi kuma an taɓa amfani da shi a bikin gargajiya, ya shiga. Irin waɗannan ba wanda aka yarda ya saya sai wanda hukuma ta ba izini, ba a kuma yarda ka sayar wa marar izini ba. Fita da su ƙasar waje sai da takardar hukuma.

To ɗana, kan nan ɗayan biyu ne. In na gaske ne, saye laifi, sayarwa laifi. In jabu ne, ka yi asarar jarinka. Nuna min ƙofa ta uku. Ka lura kuma, takobin da rigar ma in sun girmi 1918 dokar ta hau kansu.

Na Legas: Ranka ya daɗe, da girmamawa, wannan doka a takarda take. Mu da muke kasuwar kayan gargajiya a Lekki mun san abin da ke fita kullum. Kuma bari in yi tambaya, ba don ina sayar da na tono ba, wallahi ba na taɓa su. Manomi ya tono abu a gonarsa, in ya kai gidan tarihi me za a ba shi? Godiya da hoto. Wani ma tsoro yake ji kada a ce shi ya sato. In ya bar shi a ƙauye, yara su farfasa shi, ko wani ya ce gunki ne a jefa a rijiya. Wanda ya saya ya adana a Turai aƙalla abin yana nan da ransa. Faransa ma ai ta sa irin waɗannan guda uku a gidan tarihinta na Louvre a 2000, biyu na Nok, wato tsohuwar al'adar nan ta kudancin Kaduna mai mutum-mutumin yumɓu, ɗaya na Sakkwato, aka yi ta hayaniya, ƙarshenta a 2002 aka ce mallakar Najeriya ne amma an ba su aro na shekara 25. Manya sun sasanta, sai ƙaramin dillali ne za a kama?

Ɗalibar Tarihi: Yaya Na Legas, ƙarshen maganarka ai ita ce amsar. Ƙaramin dillali ne za a kama, shi ya sa ake ce wa Sabon Shiga ya janye hannu.

Amma batun "manomi ya tsinta a gona" ina so a duba shi da kyau, don yawanci ba haka abin yake ba. Tsintuwa ta gaske tana faruwa. Na farko da aka samu a Nok a 1928 masu haƙar kuza ne suka ci karo da shi, kan yumɓun garin Jama'a kuma da aka kai wa Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, a farkon shekarun 1940 an ce a gonar doya aka kafa shi ana korar tsuntsaye. Amma abin da aka yi a Kwatarkwashi ta Zamfara da kudancin Kaduna a shekarun 1990 ba tsintuwa ba ce. Masu kuɗi ne suke ba da jari, a kwashi matasa da diga da shebur a bi tsauni rami bayan rami. Wanda ya fito da fuska mai kyau a ɗauka, sauran a watsar. Mu kuwa abin da aka watsar ɗin shi muke nema: gawayin da ke gefensa wanda da shi ake gane shekaru, fasassun tukwane, ƙwayar geron da ta ƙone, kashin ƙarfen maƙera, da yadda aka jera duwatsu. Da irin waɗannan ne masu bincike na jami'ar Frankfurt da hukumarmu, da suka fara aiki a 2005, suka nuna cewa al'adar Nok ta faro tun wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma mutanenta manoman gero ne. Kan da ke kan teburin wani attajiri a Turai ba zai taɓa gaya maka wannan ba. Na Zamfara da Katsina kuwa kusan duk an kwashe su kafin a yi musu irin wannan binciken, shi ya sa labarin waɗanda suka yi su ya tafi tare da ramukan.

Tun 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan yumɓun Nok, Sakkwato da Katsina a jerin jan layi, wanda ake raba wa 'yan kwastan da 'yan sanda. Gidan gwanjo mai mutunci ba zai karɓi irin wannan ba sai da takardar da ta nuna yadda ya bar Najeriya. Gidan da dillali ya ce kan zai saya, a ina za a sayar da shi?

Na Legas: Ƙanwata na ji, kuma ban musa ba. Amma ba ki amsa min batun manomin ba. Me zai ci?

Tsohon Ma'aikaci (Jos): Wannan kam ka taɓo inda ke mana ciwo, ba zan kare gwamnati a kai ba. Kuɗin sayen kaya daga hannun jama'a bai taɓa isa ba, kuma tarar da aka rubuta a dokar tun 1979 yau abin dariya ce. Amma ka tambayi kanka nawa ake ba mai tonon. Ladan yini ne, ko kuɗin buhun masara. Ribar tana Lome da Burasel da Paris. Shi kuma an bar masa gona duk ramuka.

Baban Rumfa (Kurmi): Ku bar ma batun doka, ni ido na zan yi magana da shi. Na ƙara buɗe hoton. Fuskar nan ta cika lafiya, hanci bai guntule ba, kunne biyu cif. Abin da ya kwana a ƙasa shekara dubu biyu ba ya fitowa haka. Yadda ake yi, a samo fasassun na gaske, a niƙa wasu a kwaɓa da gam, a gina sabuwar fuska a kan tsohuwar ƙeya, a shafe da jar ƙasa. Turawa suna da gwajin da suke huda ɗan rami su ɗebi gari su gane yaushe aka gasa yumɓun, to masu haɗin sun san inda ake hudawa, nan suke sa tsohon. Da masu sayen suka farga sai suka koma sa shi a na'urar hoton asibiti. Kai da ba ka da ko ɗaya, da me za ka gane?

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Baba da alheri. Abu biyu zan ƙara. Hadisin Jabir da ke cikin Bukhari da Muslim ya ambaci haramcin cinikin giya, mushe, alade da gumaka. Ko wannan kan ya shiga ciki ko bai shiga ba, tunda ba wanda ke bauta masa yau, malamai sun yi magana, kuma ajiye shi a gidan tarihi don ilimi wata mas'ala ce daban. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Amma na biyun babu saɓani a kansa: wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Binne sabon akushi a bayan gida, rataye riga a madafa, shafa wa tasa kanwa da gishiri ta yi kore, sannan a rantse wa mai saye cewa tun zamanin Shehu take, wannan algus ne ko da mai sayen Bature ne.

Na Legas: Allah ya gafarta Malam, to in mai sayen shi da kansa yake son a ce masa tsoho ne fa? Ka ce masa sabo ne ya ajiye, ya je rumfar gaba a yi masa ƙarya ya biya ninki uku.

Malam Na Zaure: Sai ya tafi. Arzikinka ba ya cikin aljihunsa ranar nan.

Uwar Biyu (Jamus): Bari in shigo a nan, don ni a ɓangaren masu sayen nake zaune, ina kuma kai kaya kasuwannin baje koli. Yaya Na Legas, irin Baturen da kake faɗa yana ƙarewa. Waɗanda nake gani yanzu, musamman matasa da 'yan Afirka mazauna nan, kalmar "tsoho" tsoro take ba su. Tun da Jamus ta amince a 2022 ta mayar wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da dubu ɗaya da Ingila ta kwasa a 1897, kowa tambayarsa ɗaya: daga ina, wa ya yi, ta yaya ya fito? Daga watan Yunin 2025 kuma Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar da ta ce abin da aka tono wanda ya haura shekara 250 ba ya shiga sai da lasisi. Abin da ya fi tafiya a teburina shi ne faifai, tandu, turkuɗin Kura da ƙwarya mai zane, kowanne da ɗan kati: sunan garin, irin kayan da aka yi shi da su, da hoton hannun mai yin in ta yarda. Faifan da aka saƙa bara ina faɗa cewa bara aka saƙa shi, kuma ana saye.

Sabon Shiga, tunda kana harkar fata, ka kiyayi hauren giwa, fatar kada da ta mesa. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, sauran kuma sai da takarda ta musamman. Jaka ɗaya mai ɗan gyaren fatar mesa tana iya sa a riƙe maka kwali guda.

Tsohon Ma'aikaci (Jos): Uwar Biyu ta yi gaskiya. Ƙari a kai: ko sabon kaya ne, in yana kama da tsoho, kai shi gidan tarihi mafi kusa, a Kano Gidan Makama, a duba a ba ka takardar cewa ba kayan tarihi ba ne. Ta fi maka sauƙi a kan jayayya da ɗan kwastan a filin jirgi.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan abin da kuke faɗa mun gan shi da idonmu. Da can Agadas cike take da 'yan yawon buɗe ido, maƙeran Buzaye ba sa hutawa. Tawayen 2007 ya zo, aka sace Turawa a Arlit a 2010, sai ƙafa ta ɗauke. Waɗanda suka rayu a sana'ar su ne masu abokan ciniki da suka yarda da su, ana aiko musu da saƙo daga waje. Wanda ya saba sayar da farin ƙarfe da sunan azurfa, da baƙi suka daina zuwa, ba wanda ya neme shi. Liyarin nan naka ma, da yawansu a wurinmu narkar da su aka yi aka ƙera kuros ɗin Agadas, abin wuyan nan na Buzaye, da mundaye, shi ya sa tsohon kuros yake da laushi, gefensa ya side, ramin zaren ya ci. Mu ma muna da namu ciwon, kayan yumɓun Bura na wajen Tera. An gano wurin a 1975, masanin tarihinmu Boubé Gado ya yi tono na ilimi a 1983, da aka kai su baje koli Faransa duniya ta gan su, sai masu diga suka bi wuraren suka kwashe. In ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ya kama ka da irinsu ba ruwansa da cewa a Kano ka saya.

Autan Zaure: Don Allah tunda ana maganar tsofaffin kaya, gaskiya ne dutsen guga na gawayi mai zakara a kai ana sayensa miliyoyi? Akwai na kakata.

Baban Rumfa (Kurmi): Auta, bar wa kakarka dutsenta. Yau a ce dutsen guga, gobe a ce anini mai huji, jibi a ce keken ɗinki Singer wai akwai jan sinadari a ciki. Wannan na keken har Saudiyya ya tayar da ƙura a 2009. Yadda suke yi, ɗaya ya zo neman abu da kuɗi mai yawa, bayan kwana biyu wani ya zo da irinsa yana sayarwa da rahusa. Ka saya, duk su biyun su ɓace.

Hajiya Mai Jere: Sannunku da muhawara. Na jira maza su gama da takubba da gumaka, don abincin wannan sana'ar ba a nan yake ba. Ɗana, abin da zai riƙe ka shi ne kayan ɗaki: tasoshin tagulla na Bida, tsofaffin kwalla da fanteka na jere, akushi, adudu, tandun kwalli, munduwa, murjani, duwatsun wuya na Masaga, luru da gwado. Ba a tono su ba, yawancinsu na zamanin iyayenmu ne da kakanninmu, masu otal da masu shirya fim da amare masu son ɗakin gargajiya suna nema, kuma da ƙaramin jari ake farawa. Ka sayi goma, ka yi kuskure a biyu, ba ka karye ba.

Amma akwai abin da nake so ka riƙe, don ni a nan na ga mutane sun lalace. Kayan nan daga ɗakin mata suke fitowa, kuma mace ba ta fitar da tasar aurenta sai da dalili: ciwo, ko bikin 'ya, ko yunwa. In ta ce ba ni dubu biyu, kai kuwa ka san za ka sayar dubu talatin, kada ka ce ai ita ta yanka. Ba ta san kasuwa ba ne. Ni nakan gaya mata abin da nake sa ran samu, in ba ta rabi ko abin da muka daidaita. Ba asara nake yi ba, don gobe ita za ta kai ni ɗakin ƙanwarta da na kishiyarta.

Sai kayan gado. Yaro ya zo maka da likkafa ko sulke ko kandiri a buhu da daddare, ya ce na kakansa ne. Na kakansa ne kuwa, amma magada nawa ne? Na san rumfar da aka rufe saboda sirdi ɗaya da wani jika ya zare daga zauren gidan sarauta. Ka sayi littafi, kowane kaya ka rubuta ranar, sunan mai shi, garinsu, abin da ya faɗa game da shi, ka ɗau hoto. In abu ne babba, a yi cinikin gaban mai unguwa ko babban gidan. Wanda ya ƙi a rubuta sunansa, ka mayar masa da kayansa.

Sabon Shiga: Hajiya Allah ya ƙara girma. To tasoshin in na saya in wanke su da toka da lemon tsami su yi ƙyalli?

Hajiya Mai Jere: Ka tambayi mai saye tukuna. Amarya ƙyalli take so, mai tara kaya kuwa in ka goge duhun nan ka goge rabin kuɗin. Ƙyalle busasshe kawai. Ka kuma riƙa juya gindin tukunya kana dubawa. Na gidan tukwanen Abuja ta da, wato Suleja, wanda Baturen nan maginin tukwane Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, suna da hatimi, an rubuta Abuja da harafin Larabci. In ka ga LK a gefensa, aikin Ladi Kwali ne, wadda ke bayan naira ashirin. Ma'aikatan gwamnati na da sun saye su da yawa, wasu suna nan a kabad ɗin gidajen Kaduna da Jos ana zuba musu maɓallai. Shi ma ana yin jabunsa, sai ka nuna wa wanda ya sani.

Autan Zaure: Akwai kuma wani Alƙur'ani rubutun hannu a gafaka a ɗakin marigayi kakanmu, wani ya ce zai saya warƙa-warƙa, wai haka ya fi kuɗi.

Malam Na Zaure: Subhanallah. Kada ku yarda. Haka suke yi, su zare warƙoƙin da ke da zayyana, farkon Fatiha da Baƙara da wuraren rubu'i, a sa a gilashi a rataye a bango, sauran a bar shi gibi-gibi ba ya karantuwa. Wani bawan Allah ya zauna ya rubuta shi da ka, harafi bayan harafi. In ba za ku iya adana shi ba akwai Arewa House a Kaduna, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Ɗalibar Tarihi: Auta, ɗaga warƙa ɗaya a hasken taga, a hankali, da busasshen hannu. In ka ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, takardar Italiya ce irin wadda fatake suke kawowa ta hamada, kuma mai yiwuwa ya girmi 1918, ka ga dokar da Baba na Jos ya faɗa ta hau kansa. Ka duba warƙar ƙarshe ma, wani lokaci marubucin yakan sa sunansa da na wanda ya rubuta wa. Kada ka jera warƙoƙin da kanka in sun hargitse, a ƙasan kowace akwai kalmar da ta gaba za ta fara da ita, mai karatu zai bi ya mayar da su.

Autan Zaure: Na ɗaga, akwai watan guda uku. Amma gefe ɗaya gara ta ɗan taɓa, kuma gafakar tana warin danshi. In sa shi a leda?

Tsohon Ma'aikaci (Jos): A'a, ban da leda, gumi za ta sa shi ya yi fumfuna. Ban da rana kuma, ban da fesa maganin ƙwari, ban da salatif a inda ya yage. Cire shi daga gafakar, ka naɗe shi a farin ƙyallen auduga wankakke, ka ɗora a kan kabad nesa da bango, gafakar ta sha iska a inuwa ita kaɗai. Sannan ka sanar da babban gidanku kafin kowa ya sake taɓa shi, don na magada ne duka. In sun amince, turo min hoton warƙar farko da ta ƙarshe ta akwatin sirri, zan gaya maka ofishin da za ku nufa a Kaduna da abin da za ku ce in kun je.